TURKAR RAGUNA DA DUSAR GIYA DA TA BARASA: ABIN DA TA KE YI WA NAMA

Bayani ga Hakimai da Malamansu na ƙasar Kafur da maƙwabtanta

An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da Malaman Hakimai na kudancin ƙasar Katsina, musamman Kafur da Malumfashi da Bakori da Funtua. Nufinta shi ne ta bayyana dusar nan da ke ragewa a wuraren da a ke dafa hatsi a fitar da giya ko barasa, da abin da ta ke yi wa rago, da kuma abin da ta ke yi wa namansa. Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wa dagatai da masu unguwa da sarakunan pawa, su kuma su isar wa jama'a.

Maganar ba ƙarama ba ce, gama turka ita ce asusun talaka. Sau da yawa mace takan sayi ɗan rago da kuɗin adashinta, ta ɗaure shi a bayan ɗaki wata uku, tana sa rai ta sayar kafin Babbar Salla ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Cikin dukan wahalar turka kuwa abinci ne ya fi cin kuɗi. Saboda haka duk abincin da ya shigo kasuwa da sauƙi, mutane za su ruga gare shi ba tare da bincike ba. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. In ragon ya mutu ana saura mako guda Salla, ko mahauci ya feɗe ya ga naman bai yi ba, hasarar a kan mai turka za ta faɗa.

ABINCIN DA ƘASAR TA SABA DA SHI

Kiwon dabbobi da ragowar masana'antu ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Kamfanin auduga na Ingila da a ke kira BCGA, wanda aka kafa a shekarar 1902, ya gina injunan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, daga nan kuwa masu shanun noma da masu raguna suka saba da angurya. Tunkuza kuma tun zamanin da mata ke fitar da ita wajen matsar man gyaɗa. Bayan an fara babban aikin raya noma na Funtua a shekarar 1975, da taimakon Bankin Duniya, sai masara ta mamaye gonakin da a da dawa da auduga ke ciki, dusar masara ta wadata a ko wane injin niƙa. Ga kuma harawar wake da ta gyaɗa, da kowa, da waken soya wanda ya shigo daga baya.

To, amma noman auduga ya ja baya, angurya kuma masu matsar mai suna rububinta, masu kiwon kaji suna neman dusar masara. Wannan ne ya sa mai turka ya ke waiwaye-waiwaye, ya ke sauraron duk wanda ya zo masa da wata dusa.

DUSAR IRI UKU CE

Wajibi ne a bambanta su, domin ba ɗaya su ke ba.

Ta fari ita ce dusar burkutu. A wasu ƙauyuka na kudancin Katsina da arewacin Zazzau dafa burkutu tsohuwar al'ada ce ta Maguzawa. Akan jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, sa'an nan a tace. Tukar da ta rage a matata ita ce a ke ba dabbobi.

Ta biyu ita ce dusar kamfanin giya. An buɗe babban kamfanin giya na Kaduna a shekarar 1963. Da sha'ir na ƙasashen waje a ke aiki a lokacin, amma da Gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a shekarar 1988, sai kamfanonin giya suka koma sayen dawa da masara daga manoman Arewa. A kamfani ana tace dusar ne tun ba a zuba yisti ba, watau tun ruwan bai zama giya ba. Ana sayar da ita ɗanya, ana kuma sayar da ita busasshiya.

Ta uku ita ce dusar injin barasa. A nan ana barin hatsin ya ruɓa da yisti tukuna, sa'an nan a dafa shi, barasar ta tashi cikin tururi a tare ta, abin da ya kwanta a ƙasan tukunya kuma a busar da shi. A ƙasar Sikotilan manoma sun daɗe suna ba shanu da tumaki ragowar gidajen barasa. A Amurka kuwa, tun da aka yi dokokin 2005 da 2007 waɗanda suka tilasta a riƙa gauraya man fetur da barasar masara, dusar da a ke samu ta haura tan miliyan 30 a shekara, har ana lodinta a jiragen ruwa zuwa ƙasashe da yawa. Ba a yin irin wannan a ƙasar Kafur, amma a kanta ne masana suka fi yin gwaji, kuma abin da aka gane game da ita ya shafi sauran biyun.

DALILIN ƘARFINTA

Ƙwayar masara ko ta dawa, wajen kashi biyu cikin uku nata sitaci ne. Sauran kashi ɗayan shi ne abin gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin, da mai, da ɓawo, da gishirin ƙasa iri iri. Mai yin barasa sitacin kaɗai ya ke so. In ya ɗebe shi, sauran abubuwan sai su taru wuri ɗaya. Kilo 100 na masara yakan bar wajen kilo 30 na busasshiyar dusa. Masara tana da furotin wajen kashi 9 cikin 100, amma dusar barasa tana da kashi 27 zuwa 30. Man masara kashi 4 ne, a dusar kuwa yakan kai 10 ko fiye, sai fa in masu injin sun tatse wani daga ciki, kamar yadda da yawansu ke yi yanzu. Busasshiyar dusar kamfanin giya ita ma tana da furotin tsakanin kashi 20 da 30.

Wannan ne amfaninta, wannan ne kuma haɗarinta. Abin kirki ya ninka uku, abin cutarwa ma ya ninka uku. Duk wanda ya riƙe wannan magana ya gane rabin abin da ke cikin wannan takarda.

Akwai kuma abin lura ga mai saye. Ɗanyar dusar giya kashi 75 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne. Wanda ya sayi kilo 100 ɗanya, abincin da ya kai gida bai wuce kilo 25 ba, sauran ruwa ya biya wa kuɗin mota. Kada a gwada farashin buhun ɗanya da na busasshiya sai an yi wannan lissafi.

ABIN DA TA KE YI WA NAMA

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce, ko naman zai yi warin giya, ko zai bugar da wanda ya ci. Amsa ita ce a'a. Busasshiyar dusa ba barasa a cikinta, gama ta farko da ta biyu akasari an tace su kafin giyar ta nuna, ta uku kuwa wuta ta kore barasar. Ɗan abin da ɗanya za ta iya ɗauka, tumbin rago da hantarsa suna narkar da shi, ba ya taruwa cikin tsoka.

Game da girma da yawan nama, gwaje-gwajen da aka yi a kan 'yan tumaki sun nuna in dusar barasa ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na abincin yini ba, dabbar tana girma daidai da wadda aka ba hatsi da waken soya, nauyin namanta kuma ba ya raguwa. A jihar Dakota ta Arewa, cikin Amurka, an kai ta har kashi 60 cikin 100 ba a ga naman ya lalace ba. Amma a sani can ana auna ko wane abu da sikeli, ga likita a kusa, ga magunguna cikin abincin. Mai turka a Masari ko Gozaki ba shi da waɗannan, don haka ba a ba shi shawara ya kwaikwayi wannan gwargwado ba. Wajen taushi da daɗin ci kuma, masu ɗanɗano akasari ba su iya rarrabe naman ragon da ya ci dusa daidai wa daida da na wanda bai ci ba.

Inda bambanci ya ke fitowa shi ne wajen kitse. Mai iri biyu ne. Akwai mai daskarewa, kamar kitsen ƙoda, akwai kuma mai ruwa-ruwa, kamar man gyaɗa da man masara. Tumbin rago cike ya ke da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke juyar da yawancin mai ruwa-ruwa ya koma mai daskarewa kafin ya shiga jiki. Shi ya sa kitsen rago ya ke da ƙarfi, ba kamar na kaza ba. Amma in man ya yi yawa cikin abinci, wani yakan kuɓuce musu ya wuce yadda ya ke, ya je ya zauna cikin kitse da tsoka. Sai kitsen ya ɗan yi laushi.

Likitocin mutane ba su ƙi wannan ba, domin irin wannan mai ya fi sauƙi ga zuciya. Matsalarsa ita ce ba ya jimre iska da zafi. Nama mai irin wannan mai yakan fi saurin dushewa a teburin mahauci, jansa ya koma ruwan ƙasa, kitsen kuma ya fi saurin ɗaukar warin tsohon mai. A ƙasashen da nama ke fita daga mayanka ya shiga firji, abin bai cika damunsu ba. A nan kuwa, inda mahauci ke rataye nama tun hantsi har la'asar, inda kuma matan gida ke soya naman layya su adana shi cikin mansa makonni, abin dubawa ne ƙwarai. Maganinsa yana kusa. Bitamin E shi ne ke tsare mai daga lalacewa, ana kuwa samunsa cikin ɗanyar ciyawa da koren ganye da harawar da ba ta daɗe a rana har ta koɗe ba. Ragon da ba a yanke masa waɗannan ba, namansa ya fi riƙe launi.

Angurya akasin haka ta ke yi. Tana sa kitse ya yi fari da tauri, ya daskare da wuri. Tsabar hatsi kuma in ta yi yawa ba harawa, takan sa kitsen bayan rago ya yi laushi da maiƙo. Ashe ke nan ba abinci guda da ya isa shi kaɗai, gaurayawa ita ce dabara.

Har wa yau kada a ɗora wa dusa laifin da ba nata ba. Ragon da aka koro daga nesa cikin rana, ko aka danne shi cikin mota yini guda, aka yanka shi a gajiye, namansa yakan yi duhu ya bushe, ya kuma yi saurin ruɓewa, ko da me aka ciyar da shi. A bar shi ya kwana ya huta, a ba shi ruwa, sa'an nan a yanka.

HAƊARI BIYAR

1. Tsakuwar mafitsara. Dusa ko wace iri, har da ta masara, tana da gishirin nan fosfaras da yawa, kalsiyam kuwa kaɗan. Rago yana bukatar kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. In abin ya juye, sai tsakuwa ta taru a mafitsara ta toshe hanyar fitsari, wadda a jikin rago siririya ce mai lanƙwasa. Alamarta ita ce a ga rago yana yunƙuri yana kuka, yana harbin cikinsa, fitsari na ɗiga ko ba ya fita sam. In ba a kai shi ga likita ba, cikin kwana kaɗan mafitsarar za ta fashe, naman kuma ya yi zarni, ba ya ciwuwa. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam, su ne garkuwa. Gishiri yana sa rago shan ruwa ya wanke mafitsara. Kanwa kuwa a yi ta da sauƙi, domin yawanta yana taimakon tsakuwar.

2. Farar wuta. A injin barasa ana aiki da ruwan asid mai farar wuta, saboda haka dusarsa takan ɗauke ta da yawa, wani buhu ya fi wani. In ta yi yawa takan taɓa ƙwaƙwalwa, rago ya makance, ya riƙa ɗaga kai sama ko dafa goshi a bango, ya faɗi yana shure-shure. Allurar bitamin B1 takan cece shi in an yi ta da wuri. Kowa kuwa ya san makahon rago ba ya layya.

3. Fumfuna. Ɗanyar dusa a zafin ƙasar nan ba ta wuce kwana biyu ko uku ba ta soma tsami da fumfuna. Wata fumfunar tana fitar da dafin da a ke kira afulatoksin, wanda aka gano bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a shekarar 1960 don cin tunkuzar da aka kawo daga Burazil. Dafa hatsi ba ya kashe wannan dafi, in yana cikin masarar da aka yi barasa da ita, a dusa ninkawa ya ke yi. Yana lalata hanta, yana hana girma, yana kuma fita cikin nonon tunkiya.

4. Jan ƙarfe. Inda a ke dafa barasa cikin tukwanen jan ƙarfe, kamar Sikotilan, ragowar takan kwashi ƙarfen. Tumaki kuwa sun fi sauran dabbobin gida rauni gare shi, yana taruwa a hantarsu a hankali har ran da zai kashe su farat ɗaya. Saboda wannan dalili ne kuma ba a so a ba rago abincin da aka haɗa domin kaji.

5. Dafin angurya. Angurya tana da wani dafi, gosifol. Babban rago tumbinsa yana iya kashe kaifinsa, amma ɗan tunkiyar da ba a yaye ba tumbinsa bai ƙosa ba, yana iya mutuwa. Yawanta kuma yana rage ƙarfin ragon barbara.

GWARGWADON DA YA DACE

Ragon 'yankasa, wanda shi ne ya fi yawa a wannan ƙasa, in ya girma yakan kai kilo 30 zuwa 45. Uda da balami sun fi shi girma, abincinsu kuma ya fi nasa. A Shika, kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi ta Gwamnati a shekarar 1928, wadda yanzu ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, an daɗe ana gwada turkar 'yankasa da tunkuzar angurya da ragowar masana'antu. Da abinci mai kyau rago yakan ƙara wajen giram 100 zuwa 150 a yini, wata biyu zuwa uku kuwa sun isa turka. Abin da ya wuce haka akasari kitse a ke tarawa, kuɗin abinci yana cinye riba.

Rago mai kilo 30 yana cin wajen kilo guda na busasshen abinci a yini. Ga yadda za a raba shi:

Harawa ko busasshiyar ciyawa mai kyau, giram 500.
Dusar masara ko ta dawa, giram 300.
Busasshiyar dusar giya ko ta barasa, giram 200.
Gishiri, wajen giram 10.
Ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana, da ɗanyen ganye duk ran da aka samu.

In angurya za a sa a madadin dusar giya, kada ta wuce giram 150. Mutanen ƙauye ba su da sikeli, saboda haka Malamin Gona ya auna sau ɗaya a gaban jama'a, a sami gwangwani ko kwanon da ya yi daidai, kowa ya riƙe shi ma'auni.

Kafin a fara turka a ba rago maganin tsutsar ciki da na ciwon hanta, don kada a ciyar da tsutsa a bar rago. Sabon abinci kuma a soma shi da kaɗan, ana ƙarawa har kwana 10 zuwa 14, domin tumbi ya saba. In an sayi ɗanyar dusa, a baza ta a tabarma ko daɓe ta bushe ran nan, kada a bar ta cikin buhu. Busasshiya mai kyau launinta na zinariya ne ko ruwan ƙasa mai haske, ba ta da ɗoyi. Wadda ta yi baƙi tana ƙauri wuta ta cinye ƙarfinta. Wadda ta dunƙule, ko ta yi kore ko fari-fari, a binne ta.

MAGANAR DOKA DA ADDINI

Tun shekarar 2000 Jihar Katsina ta ɗauki shari'ar Musulunci, kuma wannan takarda ba ta buɗe wa kowa ƙofar dafa giya ko cinikinta ba. Bayani ne kawai a kan dusa, wadda ke iya shigowa kasuwa daga ko'ina. Hukuncin ciyar da dabba da ita kuwa na malamai ne. Sun daɗe da yin bayanin jallala, watau dabbar da ta saba cin najasa, cikin littattafan fiƙihu. Abin da ya kamaci Hakimi shi ne ya kai musu maganar yadda ta ke: wace dusa ce aka tace kafin yisti, wace ce aka samu bayan barasa ta fita, da kuma cewa ɗanyar da aka bari kwanaki tana iya ruɓewa da kanta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba abin da ya rasa, gama angurya da tunkuza da waken soya suna yin aikin da ta ke yi. Wanda kuma ya turke ragonsa da ita, in mai saye ya tambaya, ya faɗa masa gaskiya, balle ragon layya wanda abin ibada ne.

ABIN DA A KE SO HAKIMAI SU YI

1. Su tara dagatai da sarakunan pawa da dillalan dabbobi tun ana saura wata huɗu Babbar Salla, a karanta musu wannan bayani.

2. Su sa masu unguwa su isar da shi cikin gidaje, gama yawancin ragunan turka a hannun mata su ke.

3. Su sa sarakunan kasuwa su lura da masu sayar da dusa. Ko wane mai sayarwa ya faɗi irin dusarsa da inda ta fito, mai fumfuna kuma a hana shi kasa ta.

4. Su gargaɗi manoma su yanke harawa da wuri su ɗora ta a rumfa, kada su sayar da ita duka da kaka su dawo suna neman dusa da bazara.

5. Malamin Hakimi ya buɗe littafi. Duk ragon turka da ya mutu ko ya makance ko fitsarinsa ya tsaya, a rubuta garin da ranar da abin da ya ke ci, a aika wa Malamin Dabbobi na Ƙaramar Hukuma. Sarkin Pawa kuma in ya ga hanta ta ɓaci ko nama yana zarni, ya hana a sayar, ya ba da labari.

Sunan da ragunan wata ƙasa suka yi a kasuwa dukiya ce ta dukan mutanenta. In fatake suka gane ragon Kafur namansa yana da kyau, yana kuma ajiyuwa, za su komo baɗi da kuɗinsu. Duk mai neman ƙarin bayani ya je wurin Malamin Gona ko Malamin Dabbobi na gundumarsa. Allah ya albarkaci kiwo, ya kiyaye dukiyar talakawa, amin.